Idan an zaɓe ka cikin kwamitin makaranta

Duk shekara, a watan Oktoba, daidai lokacin da ake yankan gero ana ɗaure dammai, makarantun firamare na jihar Maradi suna komawa aiki, kuma a wannan tsakanin ne ake neman mutanen da za su zauna cikin kwamitin kula da makaranta. Sunan da hukuma ta sa wa kwamitin tun shekarar 2012 shi ne CGDES, amma har gobe jama'a ba su saki tsohon sunansa na COGES ba, wanda baki ya mayar da shi Kojes. Aiki ne na sa kai, ba shi da albashi, ba shi da kuɗin zama, kuma wanda ya shige shi da tsammanin zai samu wani abu zai fita da ɓacin rai, ko kuma ya fita da ɓataccen suna, wanda ya fi muni. Na riƙe ma'ajin irin wannan kwamiti na wasu shekaru a wata makaranta da ke bayan gari, kuma abin da zan shimfiɗa a nan shi ne yadda ake tafiyar da aikin, domin wanda aka zaɓa, namiji ne ko mace, ya san inda zai sa ƙafa.

Tushen abin yana cikin dokar tsarin ilimi ta ƙasa ta shekarar 1998, wadda ta sa iyaye da al'umma cikin waɗanda ke da hannu a tafiyar da makaranta, ba gwamnati kaɗai ba. Salon aikin da muke bi a yau kuwa, wato zaɓe na asiri da tsarin aiki na shekara da taron gari, ya samu gindin zama ne ta wani shiri na haɗin gwiwa da hukumar JICA ta ƙasar Japan, wanda aka fara a jihar Tawa a 2004 kafin a yaɗa shi a sauran jihohi. Ba mu kaɗai ke da irin wannan tsari ba. A Ingila akwai ƴan sa kai da ake ce wa gwamnonin makaranta, waɗanda ke tsara alƙiblar makaranta, suna tambayar shugabanta bayanin aikinsa, suna sa ido kan kuɗinta, kuma maƙwabtanmu na Katsina suna da nasu kwamitin da suke kira SBMC. Bambancin da ke tsakaninmu da na Ingila shi ne su suna sa ido ne kan kuɗin da gwamnati ta turo, mu kuwa sau da yawa sai mun nemo kuɗin da kanmu daga hannun iyayen yara sannan mu sa ido a kansa, kuma wannan ne ya sa maganar amana ta rinjayi kowace magana a cikin aikinmu.

Yadda za ka shiga

Kwamitin ya ƙunshi wakilan ƙungiyar iyayen yara, da wakiliyar ƙungiyar iyaye mata da ake kira AME, da wakilin malamai, da daraktan makaranta, wanda shi ne ke riƙe rubutu. Shugabanci da ajiyar kuɗi suna hannun iyaye. Kada ka yarda ka shiga ta hanyar naɗi, ko da mai gari ne ko mai unguwa ya nuna ka da bakinsa a gaban jama'a, domin wanda aka naɗa yana jin nauyin wanda ya naɗa shi, wanda aka zaɓa kuwa yana jin nauyin gari duka. Idan aka ce a ɗaga hannu kawai a wuce wurin, ka roƙa cikin ladabi a yi zaɓen asiri. Dalilin a fili yake: babu talakan da zai ɗaga hannu ya ƙi ƙanen mai gari ko babban alhajin unguwa alhali suna kallonsa. Rashin iya karatu ba ya hana wannan zaɓe. Ana ba kowane ɗan takara launin takarda nasa, a nuna wa jama'a sau biyu ko sau uku, a kafa zana a gefe, kowa ya shiga shi kaɗai ya sa launin da ya zaɓa cikin ambulan, ya fito ya jefa a akwati, sannan a zazzage a ƙirga a bainar jama'a kafin kowa ya tashi.

Kafin ka amsa tayin tsayawa, ka auna kanka da abu biyu. Na farko shi ne zama: idan kai mai tafiya cin rani ne, wanda ke barin gari bayan kaka sai damina ta dawo da shi, to shekarar karatu gaba ɗayanta za ta wuce ba ka nan, gara ka bar wa mazauni. Na biyu shi ne haƙuri da magana, domin za a faɗi abin da ka yi da abin da ba ka yi ba.

Makonnin farko

Kada ka fara da kiran taro, ka fara da zuwa makarantar da ƙafarka. Ka je da safe wajen ƙarfe takwas, ka gai da darakta, ka roƙe shi ya zagaya da kai daga ajin CI, wato aji ɗaya, har zuwa CM2, wato aji shida. Ka riƙe ɗan kaye da biro, ko ka tafi da wanda zai rubuta maka. Ka ƙirga azuzuwan gini da na zana, ka ƙirga bencina masu lafiya da karyayyu, ka ga yara nawa ke zaune a ƙasa, ka leƙa makewayi ka ga ko yana da ƙofa kuma ko an raba na mata da na maza, ka tambayi inda yara ke shan ruwa. Ka nemi a faɗa maka yawan yaran da aka rubuta a kowane aji, maza daban mata daban, sannan ka kwatanta da waɗanda idonka ya gani a ranar. Tazarar da ke tsakanin abin da ke cikin rajista da abin da ke cikin aji ita ce labarin makarantar na gaskiya, kuma a lokacin kaka da ranakun kasuwa za ka ga ta ƙara faɗi.

Haka kuma ka nemi a nuna maka kayan da suka zo daga hukuma, wato littattafai da kayoyi da alli, a ƙirga su a gabanka, a rubuta, ku sa hannu kai da darakta. Ba zargi ba ne. Kariya ce gare shi kafin kowa, domin ranar da wani zai tashi ya ce an ga littattafan makaranta a kasuwa, wannan takarda ce za ta wanke shi.

Taron gari da tsarin aiki na shekara

Ƙarfin kwamiti ba ya cikin mutanen da ke zaune a cikinsa, yana cikin babban taron iyaye, kuma duk shawarar da ba ta bi ta wannan taro ba ba ta da ƙafafun tsayawa, komai kyanta. Saboda haka sai a kula da yadda ake kiransa. A sanar a masallaci bayan salla, a sa mai shela ya zagaya, a ba yara saƙo su kai gida, kuma shugabar AME ta bi gidaje ta faɗa wa mata, domin sanarwar masallaci ba ta isa kunnensu kai tsaye. A kauce wa ranar kasuwa, a kauce wa lokacin da mata ke kan girki. A cikin garin Maradi, Litinin da Juma'a ba ranakun kiran ɗan kasuwa zuwa taro ba ne.

A taron farko, kada kwamiti ya zo da nasa jerin ayyuka ya karanta wa mutane. A bar jama'a su faɗi matsalolin da suke gani, darakta yana rubutawa a allo, ko da sun kai ashirin. Daga nan sai a yi tankaɗe da tambaya ɗaya: wanne ne za mu iya yi da hannunmu a wannan shekara? A nan ne yawancin kwamitoci ke tuntuɓe. Sai a rubuta gina aji uku na siminti da zagaye makaranta da katanga da haƙa rijiyar burtsatse, a tashi ana tafi, a kai ƙarshen shekara ba a aza tubali ɗaya ba, jama'a su yanke ƙauna, baɗi a kira taro kowa ya ƙi zuwa. Ni a ganina ayyuka huɗu ko biyar da za a gama sun fi goma sha biyar da za a fara. Gyaran benci talatin, sayen randuna da moɗa, gyaran ƙofar makewayin ƴan mata, da shirya ƙarin darasi da yamma ga ƴan CM2, waɗannan ayyuka ne da gari zai gan su da ido kafin watan Maris. Manyan gine-gine kuwa a rubuta su a wata takarda daban, a kai wa ƙaramar hukuma.

Kowane aiki a rubuta masa abu huɗu: nawa zai ci, daga ina kuɗin zai fito, wane ne zai tsaya a kansa da sunansa, kuma yaushe za a gama. Aikin da aka ce na kowa ne ba wanda zai yi shi. A tuna kuma cewa gudummawa ba kuɗi kaɗai ba ce. Wani zai kawo dami na kara, wani tiyar gero, wani amalanken yashi, maƙeri ya gyara ƙafar benci, matasa su fito gayya ranar Lahadi. A rubuta waɗannan duka da ƙimarsu kamar yadda ake rubuta kuɗi, a kuma karanta sunayen masu su a gaban taro, domin talakan da ya kawo kara ya san an ga hannunsa.

Bayan wannan taro na tsarawa, a sake kiran jama'a a tsakiyar shekara a faɗa masu inda aka kwana, sannan a yi na ƙarshe kafin hutun damina, a baje abin da aka yi da abin da ya gagara. Kowane taro a rubuta bayaninsa, wato takardar da ake kira PV, a ajiye kwafi.

Maganar kuɗi

A nan zan daɗe, domin a nan ne kwamitoci ke mutuwa. Ka'ida ta farko ita ce kuɗi da rubutu kada su haɗu a hannu ɗaya. Ma'aji ya riƙe kuɗi, wani ya riƙe littafi, shugaba ya ba da izinin fitarwa, kuma ba a fitar da ko dala sai kan aikin da taro ya amince da shi. Idan akwai asusun ajiya kusa, a buɗe da sunan kwamiti, ba da sunan mutum ba, kuma a sa sai da sa hannun mutum biyu ake cirewa. A naɗa kuma mutum ɗaya ko biyu daga wajen kwamiti waɗanda za su riƙa duba littafi ba tare da sun ba da sanarwa ba.

Ka'ida ta biyu ta shafi harshe. Littafi da rasit ana rubuta su da faran, mu kuwa muna lissafi da dala, kuma dala ɗaya faran 5 ce, jika ɗaya kuwa faran 1000. Idan ka karanta wa taro cewa kowane uba zai ba da 500, mai lissafin dala zai ji kamar an ce jika biyu da rabi, alhali dala ɗari ake nufi. Saboda haka a duk lokacin da za ka karanta lissafi, ka faɗi adadin yadda yake a rubuce, sannan ka maimaita shi da dala da jika yadda tsohuwar da ke zaune a bayan taro za ta gane. Na ga taron da ya watse da faɗa a kan wannan kuskure kaɗai, ba tare da an ci sisin kowa ba.

Ka'ida ta uku kuwa na koye ta ne da kaina, kuma da tsada. A shekarata ta farko, bayan an tara kuɗin gyaran bencina, wani dattijo da nake jin kunyarsa ƙwarai ya same ni a ƙofar gida bayan isha'i, ya ce matarsa ce ba lafiya, yana son jika goma daga kuɗin makaranta, zai maido ranar Juma'a idan ya sayar da wake. Na ce, "Baba, kuɗin nan ba nawa ba ne." Ya ce, "Haba ɗana, ai ba gudu zan yi ba, kwana huɗu ne." Na shiga ɗaki na ƙirgo na ba shi, ban rubuta ba, ban faɗa wa shugaba ba. Juma'a ta zo ta wuce, wata ma ta wuce. Ranar da masu duba littafi suka zo, aka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin bedin makaranta, aka zube kuɗin, aka ƙirga sau biyu, jika goma ba su cika ba. Ba na iya faɗin sunan dattijon a gaban mutane, ba na kuma iya cewa ban san inda suka shiga ba. Sai da na sayar da akuya na cike gurbin, amma duk da haka maganar ta yi wata biyu tana yawo a unguwa, kuma gudummawar zango na biyu ta ragu. Tun daga ranar na sa aka yanke a gaban taro cewa kuɗin makaranta ba a ba da shi rance ga kowa, ko da ɗan kwamiti ne, ko da na kwana ɗaya ne. Amfanin yanke shi a gaban taro shi ne ma'aji ya samu abin fakewa: idan wani ya zo, sai ya ce gari ne ya hana, ba shi ba.

Duk abin da aka saya a karɓo rasit. Idan mai sayarwa ba ya rubutu, kamar mai zana ko mai amalanke, a rubuta masa takarda ya dangwala yatsa, mutum biyu su shaida. Kada ɗan kwamiti ya sayar wa kwamiti kaya, ko ya ba ɗansa ko surukinsa aikin gyara, sai in babu wani mai yi a garin, kuma ko a hakan sai an faɗa wa taro tun kafin a fara. A ƙarshe, gudummawar iyaye abu ne da suka ɗora wa kansu don taimako, ba kuɗin shiga makaranta ba ne, don haka kada a taɓa korar yaro daga aji saboda ubansa bai biya ba. Wanda ba shi da shi a nemi ya kawo ƙarfinsa ranar gayya, maraya kuma a ɗauke masa gaba ɗaya.

Iyakar da ke tsakaninka da malamai

Kwamiti ba ya koyarwa, ba ya ba da maki, ba ya ɗaukar malami ko canza masa wurin aiki, kuma ba ya shiga aji ya tsawata wa malami a gaban ɗalibansa. Wannan hurumin darakta ne da mai ba malamai shawara da sufeton makarantu. Abin da ke hannunka shi ne sa ido kan zuwa aiki, da tambayar sakamako, da sauƙaƙa wa malami zama a garin. Idan ka lura wani malami yana yawan fashi, kada ka kai maganar dandali. Ka rubuta ranakun, ka sami darakta shi kaɗai, ka ce, "Mushe, ga abin da iyaye suka lura da shi, ko akwai wata matsala da za mu iya taimakawa a kai?" Sau da yawa za ka tarar akwai dalili. Yawancin malaman ƙauye ƴan kwantaragi ne, ƙarshen wata sai sun tafi gari karɓar kuɗinsu, wani kuma ba shi da masauki, kullum daga nesa yake zuwa. Garin da ya ba malami ɗaki mai kyau ya rage rabin wannan matsala. Idan an yi magana sau ɗaya, sau biyu, abin bai canza ba, sai kwamiti ya rubuta wa hukumar da ke sama, da sanin darakta, ba a bayan idonsa ba.

Haka nan kada kusanci da darakta ya sa ka zama ɗan amshin shata. Shi ne mai ilimin boko a cikinku, shi ke riƙe da alƙalami, kuma yana da sauƙi sauran ƴan kwamiti su miƙa masa komai su koma masu sa hannu kawai. Kada ka sa hannu a takardar da ba a karanta maka ita da Hausa ba. Ka kuma saba da tambayar abin da ya fi benci da randa muhimmanci, wato ko yaran suna koyo. Ka roƙi a faɗa wa taro, aji aji, yara nawa ke iya karanta ɗan gajeren rubutu da yin lissafin da ya dace da ajinsu. Iyaye da yawa ba su san cewa yaro yana iya kai wa CE2, wato aji huɗu, bai iya haɗa baƙaƙe ba sai ranar da aka nuna masu, kuma daga ranar ne suke yarda su saki yaran su zo ƙarin darasi, su kuma haɗa kuɗin fitila don karatun dare.

Azuzuwan zana

Babu wanda ke Maradi da ya manta ranar Litinin 8 ga Nuwamba 2021, ranar da wuta ta kama azuzuwan zana a wata makarantar firamare ta cikin gari, ƙananan yara akalla 25 suka rasu. Watanni kaɗan kafin haka, a watan Afrilu, irin wannan gobara ta ci yara 20 a unguwar Pays-Bas ta Yamai. Bayan ta Maradi gwamnati ta hana sa yaran ajin share fage cikin azuzuwan zana. Amma rumfunan ba su ƙare a makarantunmu ba, kuma tunda mu ne muke kafa su, mu ne ya kamata mu fi kowa tsayawa kan yadda za a kafa su.

Abu na farko da za ka nema shi ne a sa mafi ƙanƙantar yara a azuzuwan gini, manya su koma na zana, domin ɗan CM1, wato aji biyar, yana iya tsallake zana ya gudu, ɗan shekara shida kuwa ruɗewa yake yi ya tsaya wuri ɗaya. Kowace rumfa ta kasance da ƙofa biyu masu faɗi, ba a gefe ɗaya ba. Kada a jera rumfuna manne da juna don tsimin zana, a bar fili a tsakaninsu. A share busasshiyar ciyawa da tarkacen kara daga kewaye, a hana ƙona shara kusa da makaranta, a kuma roƙi masu tuyar ƙosai da awara su matsa da murhunsu nesa, ta ɓangaren da iskar hunturu ba ta kaɗo tartsatsi zuwa aji. A ajiye bokitin yashi da randar ruwa a bakin kowace rumfa. Sannan a roƙi malamai su gwada wa yara fita cikin sauri sau ɗaya a kowane zango, har kowane yaro ya san ƙofar da zai bi.

Akwai kuma maganar lokaci. Kara ba ya samuwa sai an gama girbi, shi ya sa a makarantu da yawa ƴan ajin zana ba sa fara karatu sai cikin Nuwamba, sun yi asarar wata guda ko fiye. Maganin wannan shi ne idan za a tafi hutu a watan Yuni, a kwance zana da itatuwa masu sauran ƙarfi a adana su cikin ajin gini, nesa da ruwa da gara, domin a kafa su tun makon farko na komawa, kafin sabon kara ya iso.

Ƴan mata

Idan ka kwatanta yawan ƴan mata a CI da yawansu a CM2, za ka ga inda aikin AME yake. Talla da aikin gida da aurarwa da wuri su ne ke kwashe su, kuma a watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare yarinyar da ke karatu. Amma wanda ya shiga gidan mutum yana karanta masa doka ya rufe wa kansa ƙofa. Wannan aiki ne na iyaye mata, su da ke shiga har ɗaka, suke kuma jin labarin baiko tun bai fito zaure ba. Abin da kwamiti zai yi shi ne ya ba su wuri na gaskiya a cikin shawara, ba zaman cika taro ba, ya ware masu wani abu a cikin tsarin aiki, ya kuma nemi darakta ya riƙa ba su sunan duk yarinyar da ta yi mako ba ta zo ba. Idan magana ta kai ga uba, sai a nemi liman ko wani dattijo da yake jin nauyinsa su tafi tare, a yi ta cikin sirri. Sau da yawa abin da ake samu ba ya wuce a ɗaga biki zuwa bayan jarrabawa, ko a mayar da talla zuwa yamma, kuma bai kamata a raina wannan ba.

Wajen makaranta

Kwamitocin da ke cikin ƙaramar hukuma ɗaya suna da tarayya, wadda ke taruwa lokaci lokaci. Ku riƙa tura wakili, ku kai kwafin tsarin aikinku da bayanin ƙarshen shekara, domin ta nan ne buƙatun da suka fi ƙarfinku ke isa ga ƙaramar hukuma da sufeto. Idan wata ƙungiyar agaji ta zo da taimako, a karɓe ta da sunan kwamiti gaba ɗaya, a faɗa wa taro abin da ta kawo da adadinsa. Lokacin siyasa kuma, kowa ya bar hular jam'iyyarsa a gida ranar zaman kwamiti.

Ranar sauka

Idan wa'adinku ya cika, ku kira zaɓe da kanku, kada ku jira sai an fara gunaguni. Kafin ranar, ma'aji ya rufe littafi, masu dubawa su bi shi layi layi, a tattara rasit bisa jerin kwanan wata a ɗaure su cikin leda saboda ruwa da ɓera. Ranar miƙawa a zauna da tsohon kwamiti da sabo da darakta, a ƙirga kuɗin da ya rage a gaban kowa, a rubuta adadinsa da faran a faɗe shi da dala, a lissafa bashin da ake bin kwamiti da wanda yake bi, a miƙa makullan ɗakin ajiya da takardun asusu, a canza sunayen masu sa hannu a wurin ajiyar kuɗi cikin makon nan. Sannan a ɗauki sabon ma'aji a zagaya da shi ya ga zana da itatuwan da aka adana, da bencinan da ke jiran maƙeri, da randar da ta tsage tun watan Afrilu ba a samu sukunin canza ta ba.